Shin hayaniyar yaƙi a kafafen sada zumunta tana motsa kasuwannin kuɗi?

"Assalamu alaikum, Malam. Duk sanda rikici ya ɓarke tsakanin ƙasashe, sai in ga X da Facebook da TikTok sun cika da fargaba, kowa na cewa yaƙin duniya na uku ya zo. Can kuma sai in ji ɗanyen mai da zinariya sun yi tsada, hannayen jari sun faɗi. Maganganun mutane ne ke motsa kasuwar, ko kasuwar ce ke sa su magana? Kuma idan mutum ya iya auna yanayin jama'a a waɗannan kafafe, zai san inda farashi zai dosa?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka gida biyu ce: tsakanin surutun intanet da farashi wa ke jan wani, sannan ko za a iya cin riba da auna surutun. A mafi yawan lokuta abu guda ne ke tayar da su duka biyun, wato abin da ya faru a fagen rikicin, kuma kasuwa kan riga taron jama'a jin labarinsa. Akwai wuraren da maganar mutane ke taɓa kuɗi da kanta, zan zo kansu, sai dai ba su kai yawan da ake zato ba.

Da farko sai mun raba abu uku da ake cakuɗawa. Akwai labari: wani ya ga makami ya faɗi, ya ɗauki hoto ya saka. Akwai yawan magana: saƙo nawa aka rubuta kan rikicin cikin sa'a guda. Sannan akwai yanayin zuciya: tsoro ne a cikin saƙon, ko fushi, ko murna. Kowanne da irin dangantakarsa da kasuwa, kuma na ukun, wanda ka fi tambaya a kai, shi ne mafi rauni.

Abin da kasuwa ke tambaya idan an fara harbi

Mai cinikin ɗanyen mai lissafin ganga yake yi. Ganga nawa za ta ɓace daga kasuwa, har tsawon wane lokaci, kuma wa ke da rarar da zai cike gurbin. Dubi abin da ya faru ranar 3 ga Janairun 2020, lokacin da Amurka ta kashe Janar Ƙasim Sulaimani na Iran a Bagadaza. Maganar yaƙin duniya na uku ta mamaye Twitter (X na yanzu) a ranar. Ɗanyen mai samfurin Brent, wanda ke wajen dala 66 kafin harin, ya haura dala 70. Ranar 8 ga watan Iran ta harba makamai masu linzami kan sansanonin da sojojin Amurka ke ciki a Iraƙi, farashin ya sake yin sama da dare, amma kafin a tashi kasuwa ya dawo ƙasa da inda yake kafin a kashe janar ɗin. Ba a rasa ganga ko ɗaya ba, kuma ɓangarorin biyu sun nuna alamar tsayawa a nan.

Kwatanta wannan da 14 ga Satumban 2019, ranar da aka kai hari kan cibiyoyin mai na Abƙaiƙ da Khurais a Saudiyya. Ganga miliyan 5.7 a rana ta tsaya, kusan kashi 5 cikin 100 na abin da duniya ke haƙowa. Da aka buɗe kasuwa ranar Litinin, Brent ya rufe da ƙarin kusan kashi 15 cikin 100 a yini ɗaya. Da kamfanin man Saudiyya, Aramco, ya maido da haƙo cikin 'yan makonni, farashin ya koma gidansa na jiya. Ka ga ganga ce ta ɗaga shi, ganga ce ta sauke shi.

Mamayar da Rasha ta yi wa Yukren ranar 24 ga Fabrairun 2022 ta fi kowanne koyarwa, domin yini ɗaya ne da fargaba ɗaya, amma kasuwanni suka rabu. Babban ma'aunin kasuwar hannayen jari ta Mosko ya faɗi da kashi 33 cikin 100. Brent ya tsallake dala 100, karo na farko tun 2014, ya kuma taɓa wajen dala 139 a farkon Maris. Alkama ta yi tsadar da ba ta taɓa yi ba a kasuwar Chicago, saboda ƙasashen biyu ke fitar da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na alkamar da ake fatauci a duniya. A wannan ranar kuma ma'aunin S&P 500 na manyan kamfanonin Amurka, wanda ya buɗe da faɗuwa, ya rufe da ƙarin kashi 1.5 cikin 100. Da tsoron jama'a ne ke jan farashi kai-tsaye, da duk sun nufi ƙasa tare. Kowace kadara ta motsa ne gwargwadon yadda yaƙin da takunkumi suka shafi kuɗin shigarta.

Wannan ɗabi'a ma ta girmi kafafen sada zumunta. Ranar 17 ga Janairun 1991, da jiragen Amurka da ƙawayenta suka fara luguden wuta a Iraƙi, farashin mai ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku a yini guda. An riga an zuba tsoron a cikin farashi tun watanni biyar da suka gabata, lokacin da Iraƙi ta mamaye Kuwait.

Labari da saurinsa

Inda waɗannan kafafe ke da ƙarfi na gaske shi ne sauri. Makonni kafin mamayar Yukren, bidiyon jerin gwanon tankoki da jiragen ƙasa ɗauke da kayan yaƙi sun cika TikTok da Telegram. Sa'o'i kaɗan kafin a tsallaka iyaka, masu bincike a Cibiyar Middlebury ta Amurka sun lura da cunkoson motoci da tsakar dare a Google Maps, kan hanyar da ta taso daga birnin Belgorod na Rasha zuwa iyakar Yukren, suka kuma wallafa a Twitter. Irin wannan shaida ce, kuma tana da daraja a kasuwa. Kamfanoni irin su Dataminr sana'arsu ke nan: tace miliyoyin saƙonni, su tura wa bankuna da gidajen jarida faɗakarwa cikin daƙiƙoƙi.

Saurin kuma shi ne ƙofar ɓarna. Ranar 23 ga Afrilun 2013 'yan kutse suka ƙwace shafin Twitter na kamfanin dillancin labarai na AP, suka rubuta cewa an samu fashewa a fadar White House kuma Shugaba Obama ya ji rauni. Cikin mintuna biyu zuwa uku ma'aunin Dow Jones, wani ma'aunin hannayen jarin Amurka, ya zubar da maki sama da 140, an kuma ƙiyasta darajar da ta ɓace daga S&P 500 a kan dala biliyan 136. Da aka ƙaryata, komai ya dawo cikin mintuna. Ranar 22 ga Mayun 2023 hoton bogi na hayaƙi kusa da ma'aikatar tsaron Amurka, Pentagon, wanda alamu suka nuna da ƙirƙirarriyar basira aka haɗa shi, ya bazu ta shafuka masu alamar tantancewa. S&P 500 ya ɗan nutse da kusan kashi 0.3 cikin 100, ya farfaɗo.

Lura da abin da ya motsa farashi a waɗannan lokuta biyu. Iƙirari ne guda ɗaya daga majiyar da ake ganin amintacciya ce. Kwamfutocin ciniki da ke karanta kanun labarai suka sayar, masu ajiye tayin saye suka janye tayinsu don kada a zuba musu kaya a mummunan farashi, kasuwa ta yi fayau, sai ɗan sayarwa kaɗan ya jawo babbar faɗuwa. Jimillar yanayin zukatan miliyoyin mutane ba ta shigo lissafin ba sam. Binciken da Vosoughi da Roy da Aral suka wallafa a mujallar Science a 2018, kan labarai kusan 126,000 a Twitter, ya gano cewa ƙarya ta fi gaskiya samun masu yaɗawa da kashi 70 cikin 100. A lokacin yaƙi, inda kowane ɓangare ke da ma'aikatan farfaganda, sai ka ƙara hattara.

Inda maganar jama'a ke taɓa kuɗi da kanta

Hanya biyu na yarda da su. Ta farko ita ce inda abin da mutane suka gaskata shi ne kansa musabbabin abin da zai faru. Banki misali ne: idan kowa ya yarda zai rushe, kowa ya je cire kuɗinsa, to zai rushe. Bankin Silicon Valley na Amurka ya ga an nemi cire dala biliyan 42 a rana ɗaya, 9 ga Maris 2023, bayan fargaba ta zagaya a Twitter da rukunonin hira na masu ajiya. Wannan ba yaƙi ba ne, amma hanyar ɗaya ce da abin da aka gani a Rasha a ƙarshen Fabrairun 2022, lokacin da mutane suka yi dogayen layuka a na'urorin cire kuɗi, darajar rubul, kuɗin ƙasar, ta zube, babban bankin ƙasar ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 9.5 zuwa 20 cikin 100 a rana ɗaya. Takunkumi ne tushen matsalar, rububin jama'a ya ƙara mata gudu.

Ta biyu tafiyar hawainiya take yi: ƙauracewa kaya. Bayan ɓarkewar yaƙin Gaza a Oktoban 2023, kiraye-kirayen ƙauracewa wasu kamfanonin Yamma sun yaɗu a TikTok da Instagram. Shugabannin McDonald's da Starbucks sun amsa a farkon 2024 cewa cinikinsu a Gabas ta Tsakiya ya taɓu, kuma a Afrilun 2024 McDonald's ya sanar da sayen rassansa 225 na Isra'ila daga hannun wanda ke gudanar da su. A nan fushin jama'a ya zama raguwar ciniki, ya bayyana a rahoton kuɗi na wata uku-uku. Wanda ke auna irin wannan, watanni yake kallo, kuma kamfani ɗaya-ɗaya.

Abin da bincike ya nuna

Binciken da ya fi jawo zumuɗi shi ne na Bollen da Mao da Zeng, wanda aka wallafa a 2011. Sun tace saƙonnin Twitter kusan miliyan 10 na shekarar 2008, suka ce ma'aunin natsuwar jama'a na hasashen hawa ko saukar Dow Jones da dacewar kusan kashi 87 cikin 100. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, gwajin da ya ba da wannan adadi na kwanakin ciniki 15 ne kacal a Disamban 2008. Wani asusun zuba jari a Landan, Derwent Capital, ya ginu kan wannan dabara a 2011, bai daɗe ba aka rufe shi. A 2017 Lachanski da Pav suka sake gwajin, sakamakon bai fito ba.

Binciken da ya fi tsayuwa da ƙafafunsa bai yi alkawari mai yawa ba. Antweiler da Frank, a 2004, sun duba saƙonni miliyan 1.5 a zaurukan tattauna hannayen jari, suka ga yawan magana na taimakawa wajen hasashen yadda farashi zai yi tangal-tangal, amma tasirinsa kan riba ƙarami ne ƙwarai. Tetlock, a 2007, ya nuna cewa yawan kalaman mummunan zato a wani shafi na jaridar Wall Street Journal kan danne farashi na ɗan lokaci, sannan ya dawo. A ɓangaren rikicin ƙasashe, ma'aunin da aka fi amfani da shi na Caldara da Iacoviello ne, masana a babban bankin Amurka. Jaridu suke ƙirgawa, guda 10 tun daga 1985, kuma sun raba labaran barazana da labaran aukuwar abin. Rabon nan yana da amfani, domin barazanar da ba a san ƙarshenta ba kan hana kamfanoni zuba jari tun kafin a harba harsashi.

Abin da nake ɗauka daga duk wannan: yawan surutu na gaya maka cewa farashi zai yi girgiza. Ba ya gaya maka sama zai yi ko ƙasa.

Yadda ake aunawa, da inda ake tuntuɓe

Idan kana son gwadawa da kanka, ga yadda aikin yake. Za ka zaɓi kalmomin nema: sunayen ƙasashe, shugabanni, garuruwa, mashigai irin su Hormuz da Babul Mandab. Ka tattara saƙonni da lokacin wallafarsu har zuwa daƙiƙa, ka mai da duka agogo ɗaya da na farashi. Ka cire maimaici da shafukan da na'ura ke sarrafawa. Sai ka ɗebi saƙo 1,000 zuwa 2,000, mutum biyu su karanta kowa shi kaɗai su yi musu alama, domin ka san ko manhajarka na fahimtar abin da take karantawa. Bayan nan ka tara maki a tazarar minti biyar, ko sa'a, ko yini, ka kwatanta da matsakaicin kwana 30 zuwa 90 da suka wuce, saboda adadi tsurarsa ba ya nufin komai sai an san abin da aka saba gani. Gwajin gaskiya shi ne na ƙarshe: bayan ka saka farashin jiya, girgizar jiya, da kanun labaran kamfanonin dillanci a lissafi, shin ma'auninka ya ƙara wani abu? Kuma ya ƙara a kan watannin da ba ka yi amfani da su wajen gina shi ba, bayan an cire kuɗin dillali? A nan yawancin dabaru ke mutuwa.

Babbar matsalar da ta keɓanci yaƙi ita ce, daɗi da ɗaci a cikin saƙo ba su ne haɗari da aminci ba. Mai goyon bayan wani ɓangare zai rubuta saƙo cike da murna saboda an kai wa abokan gaba hari. Manhaja za ta ba shi maki mai kyau, alhali abin da yake murna a kai ƙaruwar rikici ne. Wani kuma zai rubuta labarin tsagaita wuta, ya ambaci mamata da gidajen da aka rusa, manhaja ta ce saƙo ne mai muni, alhali labarin sauƙi ne ga kasuwa. Loughran da McDonald sun nuna a 2011 cewa kusan kashi uku cikin huɗu na kalmomin da wani sanannen ƙamus ke ɗauka marasa daɗi, a rubutun harkar kuɗi ba haka suke ba. A rubutun yaƙi abin ya fi haka rikicewa. Shi ya sa na fi son a rarraba saƙonni zuwa masu nuna rikici na ƙaruwa da masu nuna yana lafawa, a bar batun murna da baƙin ciki.

Sai batun su waye ke magana. Cibiyar Pew ta gano a 2019 cewa kashi 10 cikin 100 na Amurkawa baligai masu amfani da Twitter ke rubuta kashi 80 cikin 100 na saƙonnin. Mutanen da yaƙin ke kansu sau da yawa ba sa cikin bayananka: da Larabci, Farisanci, Rashanci ko Ibrananci suke rubutu, a Telegram suke, ko an katse musu intanet. Rasha ta toshe Facebook da Twitter da Instagram a Maris 2022, ta kuma kafa dokar ɗaurin da ya kai shekara 15 kan abin da ta kira labarin ƙarya game da sojojinta. Shirun da ka gani daga irin wannan wuri kada ka lissafa shi a matsayin kwanciyar hankali.

Akwai kuma kurakuran lokaci, waɗanda ke yaudarar ko da ƙwararru. Idan yau ka sauke saƙonnin 2022, an riga an goge na ƙarya da dama da shafukan bogi, don haka tarihin da kake gwaji a kai ya fi wanda ɗan kasuwa ya gani a ranar tsabta. Adadin masu yaɗa saƙo da kake gani yanzu ya taru ne cikin kwanaki, ba a mintin farko ba. Manyan manhajojin harshe na zamani kuma an horar da su da rubutun da ya ƙunshi yadda rikicin ya ƙare, sai su yi kamar suna hasashe alhali tunawa suke yi. Ga tsadar bayanan: Twitter ya rufe damar kyauta ta masu bincike a 2023, Meta, mai Facebook da Instagram, ya rufe CrowdTangle, manhajar bibiyar abin da ke yaɗuwa a shafukansa, a Agustan 2024.

Iyakar da ba dabarar da za ta kawar ita ce ƙarancin misalai. Saƙonni biliyoyi ne, amma manyan rikice-rikicen da suka girgiza kasuwa tun zuwan waɗannan kafafe ba su da yawa, kuma kowanne ya zo tare da wasu abubuwa. A Maris 2022, makonni uku da fara yaƙin Yukren, babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa. S&P 500 ya ƙare shekarar da asarar kusan kashi 19 cikin 100. Ware kason yaƙi daga kason kuɗin ruwa da hauhawar farashi aiki ne da masana ke saɓani a kai.

Ga wanda kuɗinsa ke cikin kasuwa

Shawarata, ɗan'uwa: idan wayarka ta cika da labarin hari, ka ɗauka kwamfutocin ciniki sun riga ka. Sayarwa ko saye a kan abin da ya riga ya zama ruwan dare a shafinka ihu ne bayan hari. Abin da ya rage maka shi ne tantancewa. Nemi majiya biyu da ba su kwafi juna ba. Ranar 15 ga Nuwamban 2022 makami ya faɗa ƙauyen Przewodów na Polan, ya kashe mutum biyu. Rahoton farko ya ce na Rasha ne, intanet ta cika da maganar shigar ƙungiyar tsaro ta NATO, wadda Polan ke cikinta, yaƙi, kuɗin Polan ya faɗi. Washegari hukumomin Polan da NATO suka ce alamu sun nuna makamin kariyar sararin samaniyar Yukren ne.

Sannan duba ko kasuwanni sun yarda da juna. Tsoro na gaske kan bayyana a wuri da yawa lokaci guda: mai da zinariya su hau, masu jari su ruga takardun lamunin gwamnatin Amurka da kuɗin Suwizalan, ma'aunin VIX, wanda ke auna girgizar da ake sa rai cikin kwana 30, ya yi tsalle. Idan abu ɗaya ne kawai ya motsa, ka dakata. Tambayi kuma wane kaya ne ke bin hanyar da rikicin ya shafa. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya ke sha ta mashigin Hormuz aka saba fitar da shi, shi ya sa kowace magana a kansa ke da nauyi. Hare-haren 'yan Huthi na Yaman a Bahar Maliya daga Nuwamban 2023 sun fi bayyana a kuɗin dakon kwantena da inshorar jiragen ruwa, saboda manyan kamfanonin sufuri sun koma zagayawa ta kudancin Afirka, tafiyar da ke ƙara kwana 10 ko fiye.

Haɗarin da na fi jin tsoro ga ƙaramin ɗan kasuwa shi ne ciniki da kuɗin aro a irin waɗannan sa'o'i. Tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa kan buɗe, umarnin da ka ajiye na a sayar idan farashi ya kai wani mataki kan zartu a ƙasa da matakin sosai, kuma wanda ya ninka jarinsa sau 20 da aro, motsin kashi 5 cikin 100 ya isa ya share shi, ko da farashin ya dawo bayan minti goma. Ƙarshen mako ya fi muni. Daren Asabar 13 ga Afrilun 2024, da Iran ta harba ɗaruruwan jirage marasa matuƙa da makamai masu linzami kan Isra'ila, kasuwannin mai da hannayen jari a rufe suke. Bitcoin, wanda ake cinikinsa dare da rana, shi ya ɗauki duk fargabar, ya faɗi da wajen kashi 7 cikin 100 cikin ɗan lokaci, aka rufe wa masu aro da yawa cinikinsu da asara. Da kasuwar mai ta buɗe ranar Litinin, bayan an ga an kakkaɓo mafi yawan makaman, Brent ya rufe ƙasa kaɗan da farashinsa na Juma'a.